Ranar da Na Kawo wa Fijon Baba Ɗanjuma Janwe

Ko na manta komai na shekarata ta farko a aikin gwamnati, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Talata Mafara ba. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in rufe fuska da tafin hannu, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin wata uku ke nan da ɗaukata aikin duba-gari. An ba ni riga mai ƙyalli da katin aiki, wanda nake ratayawa a wuya ko masallaci zan je (Allah ya yafe mini). Da damina ta matso, shugaban sashenmu ya tara mu ya ce duk matacciyar motar da aka yasar a bakin titi ko kan magudanar ruwa, a kawo rahotonta. Ƙa'idar ba wuya: a liƙa mata takardar gargaɗi, a ba mai ita sati biyu, in bai ɗauke ba a kira janwe, motar nan mai jan motoci, ta kwashe ta. Abokan aikina suka ce to, suka koma hirarsu. Ni kuwa na ɗauki abin kamar ni kaɗai aka aiko in gyara garin.

A wani lungu bayan kasuwa na same ta. Tsohuwar fijo ce a-kori-kura, tayoyinta sun sace har sun nutse a ƙasa, fentin ya koɗe, kaji na kiwo a ƙarƙashinta. Ta zauna daram a kan magudana, shara ta taru a bayanta. Abu ɗaya ya kamata ya tsayar da ni: gilashin gabanta a goge yake tsaf, ba ƙura ko kaɗan. Na gani, amma ban tambayi kowa ba. Ban yi sallama a gidan da ke kusa ba. Na zaro takardata da na cika da Turanci mai nauyi, na liƙa, na ɗauki hoto da waya, na yi gaba.

Sati biyu suka cika ba wanda ya zo ofis. Ni na dinga damun shugaba har ya sa hannu, ni na je na taso Malam Garba mai janwe, na kuma haye gaba kusa da shi ina nuna hanya kamar ango.

Muna tsayawa mutane suka taru, masu shago, 'yan kabu-kabu, mata na leƙe ta zaure. Da na ga jama'a sai bakina ya buɗe. Na ce irin wannan bola ita ke jawo mana ambaliya. Na ce gidan ɓeraye ce da macizai. Na ce (wannan ita ta fi ƙona mini rai) duk wanda ya ajiye wannan tarkace bai san darajar mutane ba. Ba wanda ya tanka. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su.

Malam Garba na ƙoƙarin ɗaura sarƙa sai ga wani dattijo ya fito daga zaure yana dogara sanda, da tsumma a kafaɗarsa. Idanunsa sun yi fari da yana. Mutane suka dare, ana "Baba Ɗanjuma, ina kwana." Ya nufo inda yake jin muryata, ya miƙo hannu, ya shiga gaishe ni, ina gajiya, ina aiki, ina mutanen gida. Na amsa a gaggauce, na ce, "Baba, motarka ce? Ai mun liƙa takarda tun sati biyu."

"Takarda?" ya ce. "Na taɓa ta sa'ad da nike shafe gilashi. Na aza ta 'yan siyasa ce, na bar musu abinsu."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na gyara katin wuyana na fara karanto masa ƙa'ida. Ya saurara har na gama, kansa a karkace, sannan ya ce, "Ɗana, muryag ga taka na san irinta. Kai ɗan wane gari na?"

Na ce Janbako, ta ƙasar Maradun.

"Gidan wa?"

"Gidan Malam Isa mai ɗinki."

Sai na ga ya lalubi ƙarfen bayan motar ya dafa. "Isa dogo, mai teburin ɗinki bakin masallaci? Kai ne babba nai?"

Na ce ni ne.

"Allahu Akbar," ya ce, fuskarsa ta washe. "Ashe ka girma. To ai cikin motag ga anka haihe ka."

Ban san lokacin da takardun hannuna suka zube ba. Ya juya ga jama'a ya shiga ba su labari, ba da niyyar kunyata ni ba, murna ce kawai ta kama shi. Wai ranar kasuwa ce, ya ɗauko buhunan gero daga Janbako, mahaifina ya tare shi a guje, naƙuda ta yi wa Innata tsanani. Ya sauke buhunan mutane a bakin hanya, aka shimfiɗa tabarma, tsofaffi mata biyu suka hau da ita. Ruwa ya ɓata hanya, ba su kai asibiti ba motar ta kafe a laka. "Muna turi, ni da tsohonka, sai munka ji kuka. Kuma wallahi tun rannan muryarka da ƙarfi take."

Nan fa lungun ya ɗauki dariya. Malam Garba ya saki sarƙa ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Ashe ɓeran farko da motar ta haifa ga shi nan tsaye!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya shafa kaina, ya ce ba komai, aikina nake yi.

Daga nan ya gaya mini abin da ya sa ya ƙi rabuwa da ita. Tun da idonsa ya mutu ya daina tuƙi. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo ba adadi, yana korarsu. "Ta kai amare, ta kai masu naƙuda, ta kai gawar uwar ɗiyana," ya ce. "Ba ni son in ji ana sare ta da gatari ina raye." Kullum da safe yakan fito ya goge gilashin, ya zauna a inuwarta.

Amma fa ta toshe magudana, wannan gaskiya ne, kuma shi da kansa ya yarda maƙwabta na shan wahala da damina, kunya ce ta hana su faɗa masa. Sai aka tuna da wani kango nasa a bayan gida. Na kira shugaba na yi masa bayani ina in-ina, ya gama dariyarsa ya ce in dai ta bar kan hanya, doka ta gamsu. Malam Garba ya ɗaga ta a hankali kamar mai ɗaukar marar lafiya, Baba Ɗanjuma na biye yana dafe da ƙofarta, har aka sauke ta ƙarƙashin wata bishiya a kangon. Ni kuma na tuɓe rigar ƙyalli, na ari shebur, na yashe magudanar da hannuna.

Da la'asar na kira Inna. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle labarin haihuwata. Na ce, "Inna, wai a mota aka haife ni?" Ta ce, "Wa ya gaya maka wagga magana?" sai ta miƙa wayar ga Goggo, ɗaya daga cikin matan da suka raka ta a motar. Goggo ta tabbatar, ta ƙara da cewa da zanen kanta aka naɗe ni. Can bayan wayar na ji Inna na cewa a tambaye ni ko direban na da lafiya. Ranar kasuwa Inna ta aiko masa da zakara da ƙwaryar man shanu, ni na kai.

Har yanzu ina aikin, ina kuma liƙa takardu. Sai dai yanzu kafin in kira motar kowa bola, sai na yi sallama, na gaisa a tsanake, na tambayi tarihinta, don ban san inda aka haifi ƙannena ba.