Yadda Za Ka Binciki Ganyen Tafasa Ba Tare da Ka Tambayi Kakarka Ba

Ɗan'uwa ɗalibin ajin ƙarshe, an ce sai ka auna sinadaran wani ganye kafin a ba ka digiri, ko? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin sunanka zai zauna a bakin malaman sashenku shekara da shekaru. Ni na gwada, har yau ba su manta da ni ba.

1. Zaɓi ganyen da ka ci tun kana yaro

Tafasa ta fi. Damina na sauka take cika bakin hanya daga Gumel har Gagarawa. Amma kada ka ce tafasa a gaban mutane. Haddace sunanta na Latin, ka riƙa faɗinsa a motar haya. Sannan ka shaida wa mahaifinka bana za ka gama, shi kuma ranar Alhamis ya shaida wa duk kasuwar Maigatari.

2. Tsinko da kanka

Sa farar rigar ɗakin gwaji da safar hannu, ka nufi bayan gari. Gaskiya ne ba ka taɓa lura da tafasa a tsaye ba, sai a kwano an kwaɗa ta da ƙuli. Ba komai, akwai hoto a wayarka. Duk tsiron da ka gani da fure rawaya, cika buhu. Fifita wanda ya fi tsayi.

3. Kada ka saurari tsohuwa

Kana cikin shanya a inuwar tsakar gida, kakarka Ummukulsum za ta tsaya a kanka ta toshe hanci.

"Maigida, me za ka yi da rai-ɗore har buhu guda? Wa ke zazzaɓi?"

Yi mata murmushin tausayi. "Kaka, tafasa ce. Aikin kimiyya ne."

"Tafasar da na shekara sittin ina tsinka? Dubi bakin ganyen, tsini gare shi. Shinshina ka ji."

Kul ka shinshina. Mai bincike da na'ura yake aiki, ba da hanci ba.

4. Jiƙa, tace, auna

Daka ganyen, jiƙa garin cikin sinadari kwana uku, tace. Ɗiga a ruwan gwaji mai launin shunayya. In ya koɗe ya koma rawaya, ganyen na da ƙarfin kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ɗiga a wani ruwan, in ya yi shuɗi, finol ke nan, sinadarin da ke ba shi wannan ƙarfi. Alƙaluman da za ka samu ba za su yi kama da na kowa ba a duniya. Kada ka tsorata, rubuta cewa tafasar Gagarawa daban ce, ƙasarmu ce mai albarka. Malamin da ke duba aikinka gari kawai zai gani a kwalba, kuma duk garin ganye kore ne.

5. Ranar kare aiki, tafi da shaida

Manna busasshen reshe a kwali, rubuta sunan Latin da manyan baƙaƙe. Yi addu'a mai jarrabawar ya zama tashin birni. In aka turo Dakta Halimatussa'adiya, haifaffiyar Sule Tankarkar, to yi ta magana da sauri. Za ta bari ka kai shafi na arba'in, sannan ta ɗauki kwalin ta kai hanci.

"Malam, a gidanku babu tsohuwa ne?"

"Akwai, ranki ya daɗe."

"Ta ga wannan?"

Nan sai ka amsa cewa ta gani. Hukuncin gajere ne: rai-ɗore ka auna da sunan tafasa, a sake daga farko.

6. Koma gida

Damina ta wuce, tafasa ta bushe, sai baɗi. Mahaifinka zai yi makonni yana kauce wa rumfar abokansa a kasuwa. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ya fi faɗuwar ciwo. Kaka kuwa damina kawai za ta jira. Ruwa na sauka, ganye ya tsiro, za ta miƙo maka kwando ta shige gaba.

Gargaɗi: marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin ƙarin shekara, ko kunyar uba, ko warin da ya kama rigarka. Mai ƙorafi ya same ni a bayan garin Gagarawa, ina biye da sabuwar mai duba aikina. Jiya ta leƙa kwandona ta zubar da rabi. Ta ce in na dage, wataƙila bana ta sa mini hannu.