Agwagwar Inna Ta Samu Aiki

Da safiyar yau na je karɓo agwagwar Inna a kamfanin fentin da ke bayan gidanmu, maigadi ya ce ba a ganinta sai da izini. Agwagwarmu fa. Wadda na sha kora daga kan tabarmata.

Ga yadda aka yi. Kamfanin nan yana neman takardar shaidar kula da muhalli, wai in babu ita manyan 'yan kasuwa ba sa taɓa kayansa. Mu maƙwabta mun san muhallin. Kwatar da ta fito daga katangarsu ta ƙofar gidanmu take bi, yau ja, gobe shuɗiya. Mai faci na bakin layi ya ce ya daina duba kalanda, kwata yake leƙawa ya san ranar.

Ana gobe masu duba za su zo, sai ga mota shaƙe da bishiyoyin haya a cikin tukwane, aka jera su. Aka kashe injin da ke hayaƙi. Saura ruwa. Wani gwani ya shawarci manaja cewa in baƙi suka ga abu mai rai yana iyo a kwata, magana ta ƙare. Manaja da kansa ya yi sallama a gidanmu.

"Inna, aron agwagwa muka zo."

"Kwanci take yi, ɗan nan. Akwai ƙwai a ƙarƙashinta."

"Kafin su huce mun dawo da ita."

Inna ba ta iya hana maƙwabci abu ba. Ta bayar.

Masu girma suka iso a mota, gilas a rufe, don bai kamata hancin da ke auna iskar jama'a ya wahala a hanya ba. Shugabansu, Mai Girma Sarkin Shaƙar Iska, ya shafa ganye ɗaya ya yaba. Aka kai shi bakin kwata, aka saki agwagwa. Ta shiga fara tas. Ta fito kai ja, ƙirji shuɗi, wutsiya rawaya. Gumi ya keto wa manaja.

Mai Girma ya cire tabarau. "Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin irin tsuntsuwar nan ba."

"Ranka ya daɗe, nan kaɗai ake samunta," in ji manaja. Bai yi ƙarya ba.

Nan take aka ba su shaida, har da yabo na musamman. Sharaɗi ɗaya ne: tunda ita kaɗai ta rage a duniya, ranar da ta bar harabar kamfani, shaida ta soku. Allah ya ƙara wa masu girma basira. Da ba su zo ba, da har yanzu muna yi mata kallon agwagwa.

Yanzu tana da rumfa, da kwanon silba, da mai tsaronta. Kullum da safe sai an tsoma ta a kwata kada launi ya koɗe. Bishiyoyi sun koma wurin mai su, hayaƙi ya dawo bakin aiki.

Inna ta yafa mayafi ta je wurin manaja da kanta.

"Ɗan nan, ƙwai suna hucewa."

"Inna, ki yi haƙuri. Yanzu ba taki ba ce, ta duniya ce."

"To duniyar ta zo ta kwanta a kan ƙwan."

Shi ne yau aka aike ni, na dawo hannu rabbana. A ƙofar nan ce na taɓa kai takardar sakandarena aka ce babu gurbi. Mai faci ya ce laifina ne, da na faɗa kwatar tun farko da yanzu ina da rumfa.

Na tarar Inna ta lulluɓe ƙwan da tsohon bargo. Ta dubi ƙwai, ta dube ni, ta sake duban ƙwai.

"Kai dai tunda ka gama makaranta zaune kake," ta ce, a hankali, kamar mai wani tunani.

Amma jama'a ku sani, a tsaye na rubuta muku wannan.