Akwatin Auta Ya Rasu a Baranda

Da zukata masu nauyi, cike da baƙin cikin da ya daɗe yana neman ƙofar fita, iyalan tsohon direban bas da ke zaune a hawa na ƙarshe na dogon benen bayan tasha suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar shuɗin akwatin ƙarfensu, wanda aka fi sani da Akwatin Auta. Ya rasu da hantsin ranar Talata a barandar gidan, bayan doguwar jinyar tsatsa. Uwar gidan, wadda duk benen ke kira Inna, tana tsaye a kansa lokacin da rai ya yi halinsa.

Marigayin ya shigo gidan sabo fil a kan kafaɗar Baba, maigidan, shekarar da autan gidan ya ci jarrabawar shiga makarantar kwana. Yaron ne ya zaɓi launin da kansa. Shi ne kuma ya ɗauki ƙusa ya karce sunansa a cikin murfin, harafin ƙarshe ya karkace don wuri ya ƙare masa. Akwati ne mai haƙuri. Ya sha jifa daga saman mota, ya zama kujera, ya zama teburin karatu, ya ɓoye sabulu da sukari daga idon manyan ɗalibai, bai taɓa tona asirin mai shi ba. Aibinsa ɗaya, baki. Ba a buɗe shi a ɓoye. Da an ɗaga murfin sai ya ja wani dogon kuka, ƙiiiiƙ, ya ƙarasa da ƙwas, kamar tsoho yana miƙewa daga zaune. Idan Auta ya zo hutu, daga kicin Inna take sanin ya farka, ta san yana neman riga, ta san yana shirin sulalewa filin ƙwallo da cikinsa ba komai.

Auta ya girma har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ya gama makaranta, ya zauna ba aiki har zaman ya fara cin sa. Sai wani abokinsa ya yi masa hanya a wata ƙasa mai nisa, wajen lodin kaya a bakin teku. Ranar tafiya ya ɗaga akwatin, ya jinjina shi, ya mayar ya dire.

"Inna, wannan ya yi min nauyi. Jaka zan ɗauka. Ki ajiye min shi, in na dawo ina da aiki da shi."

"Wane aiki kuma da tsohon akwati?"

"Ke dai ki ajiye."

Ta tura shi ƙarƙashin gado. Da farko Auta yana kira a kai a kai, muryarsa na zuwa da ƙarar injina a bayanta. Sannan kiran ya ja baya. Sannan wata rana Inna ta kira, muryar na'ura ta ce lambar ba ta aiki, kuma tun daga ranar muryar nan ce kaɗai ke amsa mata. Baba ya bi duk hanyar da aka nuna masa. Wani ya ce ya ga Auta a wata tasha, har ya yi ƙiba. Wani ya ce an yi hatsari a wurin aikin, amma ba a ambaci sunansa ba. Abokin da ya kai shi ma ya daina ɗaga waya. Ba gawa, ba labari. Mutanen benen suka rasa gaisuwar da za su yi wa Inna idan an haɗu a matattakala, don ba a yi mata ta'aziyya, ba a kuma tambayarta yaushe zai zo. Sai su ce, "Inna, ya shukoki?" su wuce da sauri.

Shukokin kuwa suna nan. Gidan ɗaki biyu ne da falo, ƙasa ta yi musu nisa, barandar kuma da ƙyar mutum zai miƙe ƙafa a cikinta, amma Inna ba ta iya wuni ba ta ga kore ba. Duk abin da ya mutu a gidan, a barandar nan yake tashi. Bokitin fenti ya ɗauki tumatir. Tukunyar da gindinta ya huje ta riƙe na'a-na'a. Tsohuwar tayar da Baba ya hawo da ita yana haki yana mita ta zama gadon alayyahu, wani takalmin ruwa ƙafa ɗaya ya goya albasa. Ƙasar ma a leda take hawo da ita, kaɗan-kaɗan, daga inda ake haƙa harsashin gini, ta cuɗa ta da ɓawon ƙwai da ganyen shayin da aka gama dafawa. Akwatin ne kaɗai ba ta taɓa kallo da wannan idon ba.

Wata damina rufin ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya kwanta ƙarƙashin gado ba wanda ya lura. Da aka jawo akwatin, gindinsa ya yi ja, rigunan ciki sun yi fumfuna. Babbar 'yar gidan, ma'aikaciyar jinya ce, Auta na kiranta Yaya har sunan ya bi ta. Ita ta wanke rigunan ta ninke, sannan ta zauna kusa da uwarta ta sassauta murya.

"Inna, gindin ya riga ya ci. Mai sayen tsohon ƙarfe yana wucewa gobe, a ba shi kawai. Ganinsa ma ciwo yake ƙara miki."

Washegari bugun guduma ne ya tashi Baba. Ya fito ya same ta a baranda, ta kife akwatin, tana huda gindinsa da ƙusa, layi-layi, leɓenta a cije.

"Innar yara, me kike yi haka?"

"Ƙasa zan zuba masa. In ga mai ɗaga shi."

Kafin mai sayen ƙarfe ya rangaɗa kiransa a ƙasa, akwatin ya cika har baki. Haka marigayin ya shiga rayuwarsa ta biyu, murfinsa a buɗe, jingine da bango, sunan Auta yana kallon titi. Ya yi wannan aiki ma da amana. Barkonon da ya fito a cikinsa ya fi na kowane bokiti yawa da zafi. Mai kitson da ke hawan ƙasa da su ta sha hawowa da ƙorafin jan ruwa na ɗiga mata a shanya, sai ta sauka da barkono cike da hannu, ƙorafin ya kwanta har wani makon. Daga baya wani ɗan lemun tsami ya tsiro a kusurwa, ba wanda ya shuka shi. Baba ya ce a cire, itace ba ya zama a akwati. Inna ta ce wanda ya zo da ƙafarsa ba ta korarsa.

A wannan lokaci ne marigayin ya dawo da magana. Da la'asar iska kan ratso tsakanin benaye ta taɓa murfin. Ranar farko Inna tana juya tukunya ta ji, ƙiiiiƙ, ƙwas. Bakinta ya riga tunaninta.

"Ka wanke hannu tukuna," ta ce.

Sai da ta ji muryarta a cikin kicin ɗin da ba kowa, sannan ta fito da ludayi a hannu. Baranda fayau, ganyen barkono na rawa. Ta daɗe a tsaye, miya na ɗiga a ƙafarta.

Tun daga nan ta riƙa jiran la'asar. Ta san iska ce, ba wanda ya fi ta sani. Sai dai akwai ranakun da shanya ke rataye ko motsi ba ta yi, labule a sandare, amma kukan ya zo, cikakke, har da ƙwas ɗin ƙarshe. Wannan ba ta faɗa wa kowa ba. A irin ranakun takan ƙara awo a tukunya, abincin ya kwana a rufe, da safe ta ba masu shara.

Baba bai son kukan. Ya ce yana hana shi jin labarai a rediyo. Wata rana Inna ta dawo daga kasuwa ta tarar ya ɗiga wa mahaɗin murfin baƙin mai, irin na mota, ya goge hannu yana jin ya yi gyara. Iska ta zo da la'asar, murfin ya motsa, shiru. Inna ta dube shi sau ɗaya, ta shige ɗaki. Gidan ya yi wani irin tsit da ba su taɓa ji ba, ko ranar da lambar ta daina shiga. Baba ya ƙure rediyo, ya kashe, ya sake kunnawa. Bayan 'yan kwanaki, tana wanke-wanke, ta hango shi ta tagar kicin. Ya durƙusa gaban akwatin da ruwan sabulu da tsohon buroshi, yana wanke man nan, yana ɗaga murfin yana saukewa, ya kara kunne kamar yadda yake sauraron inji a zamanin tuƙinsa. Da kukan ya fara dawowa, siriri, sai ya dafa gefen akwatin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Inna ta janye daga tagar. Har yau ba ta gaya masa ta gani ba.

Jinyar ƙarshe ta zo a hankali. Tsatsa ta hau daga gindi, fentin ya riƙa ɓarewa kamar ɓawo, saiwar lemun kuma ta cika ciki tana tura gefe. Inna ta ɗaure shi da waya, ta tokare shi da bulo. Da abin ya ci tura aka kira mai walda. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, wurin ya rufta.

"Inna, ki yi haƙuri. Babu inda wuta za ta kama. Duk inda na taɓa sai ya zube."

"Ko faci?"

"Faci a jikin me?"

Ranar Talata, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ta fito duba shi. Ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi. Tana tsaye sai wayar ta tsinke, gaban akwatin ya buɗe, ƙasa ta zubo ta rufe mata ƙafafu, da sanyi, da saiwoyi farare a ciki. Murfin ya ja kukansa mafi tsawo, ya ɓalle daga mahaɗinsa, ya kife. Ƙwas ɗin bai zo ba. Inna ta tsaya tana jiransa. Da ta tabbata ba zai zo ba sai ta zauna cikin ƙasar, ta fasa kukan da ta hana kanta duk shekarun nan, don a ganinta kuka amincewa ne.

Maƙwabta suka hawo. Suka tsaya cirko-cirko a falo. Mai kitso ce ta ratsa ta durƙusa kusa da ita, ta riƙe mata hannu, kalmar ta kuɓuce mata.

"Allah ya jiƙansa, Inna."

Mai kitso ta toshe baki. Yaya ta dubi Baba, Baba ya dubi bango. Inna ta share fuska da bakin zane, ta ce, "Amin." Can kuma, ba tare da ta ɗago ba, ta ƙara, "Akwatin."

Ba wanda ya gyara mata, ba kuma wanda ya san ko wa aka yi wa addu'ar.

Marigayin ya bar bokitin fenti, da tukunya, da taya, da takalmin ruwa wanda tun fil azal shi ma ba shi da ɗan'uwa. Ya bar lemun tsami da ya kai ƙirjin mutum, bai taɓa fure ba. Ya bar wani jan tabon tsatsa mai kusurwa huɗu a kan siminti, inda yake zaune kafin a janye gawar gefe, wanda Yaya ta goge da sabulu ya ƙi fita, Inna kuma take kewaye shi idan za ta wuce.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi, idan mai sayen tsohon ƙarfe ya iso. Iyalan sun roƙe shi kada ya ɗora shi a sikeli a gabansu. Lemun za a kai shi harabar asibitin da Yaya ke aiki, inda akwai ƙasa ta gaske, a dasa shi a bayan ɗakin wanki. Ƙasar cikin akwatin za a raba wa maƙwabta, kowa ya zo da mazubinsa, ya huda gindin tun daga gida. Murfin ba ya cikin abin da za a fitar. Baba ya ce murfi in babu akwati ba ya kuka. Inna ta ce a jingine shi dai inda yake.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan an sauke gawar. Idan kuma wannan sanarwa ta faɗa hannun wani a can nesa, wanda ya san shuɗin akwatin nan tun yana sabo, to gidan bai tashi ba, lambar Inna ba ta canza ba, kuma ba wanda zai tambaye shi inda ya shiga. Ƙwan fitilar matattakala ya mutu, ya riƙa dafa bango in zai hawo.