Geron Inna a Kwalbata

Da ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar wata Laraba na hango wani koren tsiro a gefen dutsen da ke cikin kwalbata. A wannan ƙatuwar kwalba nake renon wata shuka mai cin ƙwari, aikina na kammala karatu a fannin tsirrai. Gansakuka ta daɗe da lulluɓe dutsen, amma wannan tsiron sabo ne, siriri, miƙaƙƙe.

Ni da ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryata, sai ga ni ina ganin na gano abin da duniya ba ta sani ba. Kwana shida ina auna shi safe da yamma, na cika shafi goma sha huɗu. Har suna na raɗa masa, na liƙa nawa a ƙarshe.

Na rungumi kwalbar a bayan kabu-kabu har jami'armu da ke Dundaye, na dire ta gaban malaminmu, aji cike. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Malama, wanga ai gero na."

Har yau Farfesar Gero 'yan ajinmu suke kirana.

Na koma gida na bi kowa da tambaya. Inna, kakata, tana tsintar hatsi a faifai, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ni na zuba mata. Baƙuwa a gidan malamai, kullum sai ƙuda? Mi za a ce da mu cikin gari?"