Yadda Za Ka Raba Gardamar Makaɗan Rok Biyu da Taimakon Girkawa, Ba Ka Zaɓi Kowa Ba

Ɗan'uwa, idan an taɓa tsayar da kai tsakanin ƙanin matarka da ɗan kawunka aka ce ka faɗi wanda ya fi, to ka zo inda ya dace. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka tashi daga kujerar alƙalanci ba ka ambaci sunan kowa ba, kuma a tafa maka. Na gwada a nan Zuru a bainar jama'a, ga ni kuma da raina.

Ga yadda abin ya same ni. Samarin unguwarmu suna da ƙungiyar kiɗan rok, irin na Turawan nan da ke gaba da wanzami. Suna da jita, suna da mawaƙi, suna da saitin ganguna ɗaya tak, amma makaɗansu biyu. Akwai Mika, ƙanin matata Asama'u. Akwai Prosper, ɗan kawuna Saje Talle, shugaban tsofaffin sojojin unguwa. Tsofaffin sojojin suka gayyaci ƙungiyar ta yi wasa a bikinsu na ƙarshen shekara, sai kuma labari ya bazu cewa wani mai ƙungiya daga Kaduna zai halarta, yana neman makaɗin da zai tafi da shi. Kujerar makaɗi kuwa ɗaya ce. Da yake ni malamin makaranta ne, ga tabarau, aka ce ni zan zaɓa. In na ce Mika, na rasa gidan kawu. In na ce Prosper, na rasa tuwon dare. Gaba kura baya siyaki.

Mataki na ɗaya: Nemo shaidun da ba a iya zuwa gidansu

Kada ka ce wani malami ne ya faɗa maka, za a hau babur a je a tambaye shi. Kada ka ambaci makaɗan Turai, yaran nan sun fi ka saninsu, suna cikin wayarsu. Ka nufi Girkawan da. Duk sun mutu, kuma babu wanda ya bar dangi a Zuru, balle Mahuta ko Danko.

Amma kul ka kira sunan ko ɗaya. Suna ana bincika shi a waya. Ka ce “wani Bagirke ya ce”, ka ɗan yi shiru, ka gyara tabarau. Wanda bai da suna ba a ƙaryata shi.

Mataki na biyu: Je ka saurara, amma ka dubi silin

Ka je inda suke atisaye, ka zauna nesa da janareta. Kada ka kaɗa kai daidai da kiɗa, wannan aikin jahilai ne. Masani kullum kansa yakan ɗan makara.

Ni abin da na gani shi ne, Prosper a coci ya koya, a gidan soja kuma ya tashi. Yana zaune ƙyam kamar an guge shi da sitati, bugunsa bai wuce wuri bai gaza ba, kana iya saita agogonka da ƙafarsa. Mika kuwa in ya riƙe sanduna sai ka ce gangunan sun zagi mahaifiyarsa. Gumi, ihu, faya-fayan ƙarfen nan suna neman tashi sama, yaran unguwa suna leƙe ta taga sun manta da aiken da aka yi musu.

In zuciyarka ta raya maka wanda ya fi, ka tsawata mata. Ba ita aka naɗa alƙali ba.

Mataki na uku: Raba musu gumaka

Girkawa suna da gumaka kamar tumatir ran kasuwa, kowa zai samu. Ka ba kowane makaɗi nasa, sai gardamar ta tashi daga kan 'yan Adam ta koma sama.

Na ce Prosper ɗan gidan gunkin rana ne, mai tsari da ƙa'ida. Mika kuma ɗan gidan gunkin giya da rawa ne, mai rikita gari. Samari suka yi ta jinjina kai. Kafin in isa gida maganar ta riga ni.

Asama'u tana tuƙa tuwo, ba ta ko ɗago ba. “Mi kac ce ma Mika?”

Na ce, “Falsafa ce, ba za ki gane ba.”

Ta ce, “Yaron da ko sigari bai taɓa sha ba, shi kab ba mai burkutu? Ɗan kawunka kuwa rana sukutum?”

Darasi: ka tambayi sana'ar gunki kafin ka ba ƙanin matarka shi. Washegari na sauya wa Mika zuwa gunkin tsawa, wanda ba ya shan komai sai jifa. Aka zauna lafiya, ko da yake miyar ranar ba nama.

Mataki na huɗu: Amsa tambaya da tambaya

Akwai wani Bagirke da bai taɓa ba da amsa ba a rayuwarsa, duk wanda ya tambaye shi sai ya mayar masa da tambaya, aka ce ya fi kowa hikima. Yi koyi da shi. Kada dai ka faɗa wa kowa cewa guba aka ba shi daga ƙarshe, kar ka ba mutane shawara.

Kawu Saje ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin mangwaro yana goge takalmin da ya yi ritaya tare da shi.

Ya ce, “Malam, cikin yaran ga biyu wa yaf fi?”

Na ce, “Kawu, shin mene ne fifiko?”

Ya ajiye buroshi ya dube ni.

Na ce, “Kuma shin ganga ce ke kiɗa, ko hannu, ko kunnen mai ji?”

Ya ce, “Ni da anka tambaye ni, ‘Saje, mutum nawa gare ka?’ ban taɓa cewa ‘mi ne ne mutum’ ba. Ran Asabar kwamitin biki na zama. Ka taho da amsa.”

Wannan mataki yana aiki a kan farar hula. A kan soja, jinkiri kawai yake sayo maka, amma jinkirin ma arziki ne.

Mataki na biyar: In wani ya nemi gaskiya, ba shi tatsuniya

Nan ne masu raunin zuciya suke faɗuwa, don haka ka natsu.

Saboda saitin ganguna ɗaya ne kuma a gidan kawu ake ajiye shi, Mika a bayan ɗakinmu yake koyo, da bokitai da tukwanen yayarsa. Ya lotsa mata murfi ba ɗaya ba, ita da ke iya tashin unguwa a kan cokali ba ta ce masa uffan ba. Da rana yana gareji yana kwance inji, da yamma yana dukan bokiti har tafin hannunsa ya yi kanta.

Ana jibi zaman kwamiti, Mika ya tare ni a ƙofar gida. Ya ce, “Yaya, don Allah ka hwaɗa mini tsakani da Allah. In ban iya ba, in haƙura in riƙe gareji. In kuwa na iya, ka hwaɗi gaban mutane. Ko wanne kac ce, na yarda.”

Tausayinsa ya kama ni sosai, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka duba matakan nan da kyau, babu tausayi a ciki. Na dafa kafaɗarsa na ba shi labarin Bagirken da aka yanke wa hukuncin tura dutse kan tudu, in ya kusa kaiwa ya gangaro, ya sake turawa, har abada.

Ya ce, “To ya kai daga baya?”

Na ce, “Tambayar ke nan, Mika.” Na shige gida da sauri.

Mataki na shida: Ranar hukunci, shigar da kowa kogo

Wannan shi ne babban makami, kada ka fito da shi sai an ƙure ka.

Kwamiti ya zauna a gindin mangwaro, tsofaffin sojoji a kan benci, samari a tsaye. Yaran suka buga ɗaya bayan ɗaya. Aka juyo gare ni. Na miƙe na ce wani Bagirke ya ce mu duka a cikin kogo muke zaune, mun ba ƙofa baya, abin da muke gani a bango inuwa ce kawai. Saboda haka kiɗan Prosper inuwa ne, na Mika ma inuwa ne. Kiɗa na ainihi yana can waje, bai taɓa shiga kunnen gama-garin mutane ba. Wa zai auna inuwa da inuwa ya ce wannan ta fi nauyi?

Nan take aka ɗauki tafi. Ka ga alƙawarina ya cika: ban ambaci kowa ba, an kuma tafa. Da ka kai nan, ka nemi takalmanka. Ni na tsaya karɓar gaisuwa.

Kawu Saje ya ce, “Malam, shi wanga kiɗa na ainihi, kai ka taɓa jin shi?”

Na ce, “Ai masana su kaɗai ke jin sa, Kawu.”

Ya ce, “Madalla. Mu a bariki, wanda duk yac ce mai gadi bai iya gadi ba, shi ka kwana bakin ƙofa.” Ya karɓe sandunan daga hannun ɗansa ya danƙa mini. “Kai za ka buga ran biki. Oda ce.”

Benci gaba ɗaya ya amsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji Hausawa, waɗanda ban so na tuna da su ba a lokacin.

Mataki na bakwai: In sanduna sun zo hannunka, buga ɗaya, buga biyu

Kada ka firgita. Gangunan suna da yawa, amma babu dokar da ta ce sai ka taɓa su duka. Zaɓi babbar ta ƙasa da ƙaramar gabanka. Dum, tas. Dum, tas. Kada ka ƙara, kada ka rage, ba ka ma da abin ƙarawa.

Ranar biki fili ya cika. Masu jita suka fara kuka da wayoyinsu, ni kuma na shiga dum, tas. Ban yi nisa ba na ga wani tsoho mai sanda ya miƙe ya ƙame. Na kusa da shi ya miƙe. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, Kawu Saje ya daka tsawa, tsofaffin nan suka jeru sahu-sahu suka kama maci, hagu, dama, masu ciwon gwiwa da masu hawan jini, matansu suna guɗa. Wani yana tafe yana hawaye, wai rabonsa da jin kiɗa mai ma'ana tun yana kurtu. Masu jita suka gaji suka zauna. Aka yi fareti har rana ta yi sanyi.

Baƙon Kaduna ya ci shinkafarsa, ya tambayi na kusa da shi ko garin nan babu makaɗa ne. Aka nuna masa ni. Ya hau motarsa tun ba a yi addu'ar tashi ba.

Mika da Prosper suna can bayan rumfa a tsaye, hannuwa a aljihu. Da aka watse su biyun suka kwance gangunan suka ɗauka tare, ba wanda ya dube ni.

Mataki na takwas: Kira shi nasara

Lissafa ribarka da babbar murya. Yaran da ba sa ga maciji da juna yanzu tare suke yawo, sun haɗu a kan daina gaishe ni. Kawu ya naɗa ni makaɗin tsofaffin sojoji na dindindin, atisaye duk Asabar. Gida biyu sun daidaita, kamar yadda Girkawa suke so.

Saura gida na uku. Da na koma, na tarar Asama'u tana jera tukwanenta a kan kantar ɗaki, lotsattsun murafan a sama. Mika ya dawo mata da su duka, ya ce ya gama da su. Na fara yi mata bayanin kogo.

Ta ce, “Da Prosper kaz zaɓa, da na yi hushin kwana biyu na huce, don ka hwaɗi wani abu. Yaron ga gaskiya kaɗai yar roƙe ka.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini tabarma da filo.

In haka ta same ka, ka tuna akwai Bagirken da ya ƙare rayuwarsa a cikin randa, kuma har yau ana yabonsa. Ni zaure na samu, har da taga.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko rasa tuwo ne, ko kwanan zaure, ko ciwon kafaɗa, ko ƙanin mata da ya daina buga ko da ƙofa. Shawarwarin duk na Girkawa ne, mai ƙorafi ya kai musu can. Wanda kuma ya matsa sai ya ji wa ya fi tsakanin Mika da Prosper, ya same ni ran Asabar bayan fareti, ina da tambayar da zan yi masa.