Rasuwar Tokumbo, Kwamfutar Malam Manniru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, Malam Manniru mai zanen gidaje na nan unguwar Sabo yana sanar da 'yan'uwa da magina rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Tokumbo, sunan da ake kiran kayan gwanjon Turai da shi, ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar.

Marigayiyar ta iso daga Legas a shekarar 1994 cikin motar surukinsa Alhaji Jatau, ta riga ta tsufa a ƙasar Turawa. Da safe takan gaishe da maigidanta da "tiit" guda, ta bi da "ƙurrr" kamar tsohuwa mai gyaran murya, har shayinsa ya huce kafin ta buɗe ido.

Baiwarta ita ce adon bango, layin kwalliyar nan da ake bi da shi gindin bango ko ƙarƙashin silin. Sau ɗaya Malam zai zana mata yankan adon, da tudunsa da kwarinsa, ita kuwa ta ja shi ta zagaye ɗaki, ta haɗa kusurwa ba a ga ɗinki ba. Sai dai ɗan Adam ma tara yake, balle na'ura. In ta zo bakin ƙofa ba ta tsayawa, ƙetarewa take yi kamar mai hana baƙi shiga. In kuma aka ja bango daga dama zuwa hagu, sai ta juya fuskar adon ta cusa shi cikin bulo. Malam da ajami ya fara rubutu, hannunsa daga dama yake tashi. Sun daɗe suna wannan rigima, yana zarginta da taurin kai, kafin ya gane cewa ita 'yar boko ce.

Aikinta na ƙarshe shi ne falon Hajiya Haulatu mai sayar da atamfa a cikin gida, wadda ta so ado irin na ɗakin mahaifiyarta a Zariya, ɗakin da tuni aka rushe. Hajiya ta yi ta kwatantawa da yatsa, Malam yana gyarawa, har ranar da ta dubi allon kwamfutar ta ce, "Shi ne, Malam. Haka yake a ɗakin Inna."

Ba a kai ga bugawa a takarda ba. Dama tun damina Tokumbo ke fama da tari, Sakinatu matar Malam tana lulluɓe ta da zane. Ranar Talata aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Tokumbo ta ce "fat", ƙauri ya tashi. Mai gyara a unguwar Mokola ya buɗe cikinta, ya girgiza kai ya ce, "O ti lo," wato ta tafi.

Malam da kansa ya je gaya wa Hajiya cewa adon ya tafi tare da ita, yana ta sunkuyar da kai. Hajiya ta ce, "Ai ka gani da idonka. Ɗauko fensir."

Marigayiyar ta bar allo, da madannai masu giɓi, da firinta da ke takaba, da marayun faifai.

Za a ɗauki gawar gobe bayan azahar zuwa Mokola, inda mai gyara zai raba gado. Akwatinta kuwa Sakinatu ta riga ta roƙa, kazarta na neman wurin kwanci. Ana karɓar gaisuwa a shago. Masu zuwa su yi haƙuri da tsayuwa, kujera ɗaya ce, kuma Hajiya na kanta tana nuna wa Malam da fensirinsa inda tudun adon zai faɗa.