Dattin Kyaftin Kan-Tebur

Allah ya ja zamanin Kyaftin, zakin sama, mai fuka-fukan roba! Duk layinmu babu wanda ya san jirgin yaƙi kamarsa. Gaskiya ne bai taɓa shiga jirgi ba, iyakarsa bayan shingen filin jirgi, ranar da ya raka surukinsa ya tsaya yana ɗaga hannu. Amma wannan ƙorafin mahassada ne. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a ofis. Da ya yi ritaya sai ya sayo ɗan jirgin roba na haɗawa, wanda bai wuce tafin hannu ba, ya ɗora a teburin cin abinci, ya naɗa kansa Kyaftin. Mu kuma muka ƙara masa Kan-Tebur, don kada a rikita shi da na sama.

Ƙungiyarsu ta masu haɗa ƙananan jirage ta sa ranar gasa. Wanda ya zo na ɗaya, jirginsa zai yi shekara guda a kabad ɗin gilashin zauren taro. Shekara uku ke nan wani mai gyaran agogo yana cinyewa, mutumin da ko hular soja ba shi da ita. Kyaftin ya rantse bana sai ya sauke shi. Makaminsa kuwa ɗakin matuƙi, ɗan ramin da bai fi ɓawon gyaɗa ba.

"Kowane wawa zai iya shafa fenti," in ji shi ga matarsa. "Amma a tsufar da jirgi, a ga kamar ya sha yaƙi, wannan sai mu. Datti iri biyu ne, uwargida. Akwai na ƙazami, akwai na ilimi."

Wata uku aka yi ana ilimi. Iyali suka koma cin abinci a ƙasa, tunda tebur ya zama filin jirgi. Aka haramta atishawa a falo. Bel ɗin ɗaure matuƙi a kujera ya fito daga ledar ƙwayar hawan jininsa. Wayoyin bayan kujera daga abin sauraren waƙar 'yarsa suka fito, har yau baiwar Allah tana nemansa. Burushin da ya zana allurar agogunan jirgin gashin bakin kyanwa ne, shi ya sa kyanwar ta daina kwana a gida. Hodar uwargida ta zama ƙura, jagirarta ta zama baƙin mai. Ya goga bakin fensir a inda takalmin matuƙi ke takawa, ya fi cinye hannun kujera na hagu, wai matuƙin bahago ne.

Ran nan wani agogon jirgi mai girman ƙwayar riɗi ya kuɓuce daga matsefata. Kyaftin ya ayyana dokar ta-ɓaci. Gida kaf aka durƙusa ana rarrafe, har da baƙuwar da ta shigo gaisuwa. Bayan awa biyu aka same shi a gemunsa.

Ana gobe gasa, da hantsi, mai gyaran agogo ya leƙo. Ya maƙala madubinsa a ido, ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Wallahi Kyaftin, bana ka kayar da ni. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Sai dai in za ka manna murfin gilashin, ka sa farin gam na kafinta. Sufa-gulu hucinsa yana dusasar da roba."

Yana fita Kyaftin ya tuntsire da dariya. "Kin ji makirci? Jirgin yaƙi da gam ɗin kafinta! So yake murfina ya faɗi a gaban alƙali. Mu soja ba ma karɓar shawara daga abokan gaba." Ya zazzaga sufa-gulu kamar mai zuba miya, ya danna murfi, ya sa jirgi a kwali ya rufe ruf.

Washegari ya shiga zaure da baƙin tabarau da jaket ɗin fata, gumi yana bin ƙeyarsa. Alƙalin gasar tsohon makaniken jirgi ne, na gaske, mai tabon ƙuna a hannu. Kyaftin ya sara masa, ya ce jama'a su ja baya, ya buɗe kwali.

Murfin nan ya yi fari fat, sai ka ce dafaffen ƙwai. Ba kujera, ba bel, ba bahago. Hausawa sun ce in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba. Kyaftin ya ƙi ji, ganin ma ya gagara.

Amma jarumi ba ya faɗuwa haka kawai. Ya gyara murya. "Da gangan ne. Abin da kuke gani gajimare ne, jirgi yana can ƙololuwar sama. Wanda bai san sama ba ba zai gane ba."

Alƙali ya juya jirgin, ya haska fitila, ya ce, "Gajimaren naka a cikin ɗaki ya kwana." Mai gyaran agogo ya yi ta rantsuwa cewa akwai abin mamaki a ciki, shi ya gani da idonsa. Alƙali ya ce shi abin da ya gani yake yi wa maki. Kabad ya sake komawa hannun mai gyaran agogo.

Duk da haka Kyaftin bai tafi hannu rabbana ba. Ɗakin matuƙi ya cinye masa wata ukun, bai sami lokacin tsufar da jikin jirgin ba, yana nan yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga kanti. Alƙali ya tausaya, ya miƙa masa takardar yabo: Jirgin Da Ya Fi Kowanne Tsafta.

Uwargida ce ta sa mata firam, ta rataye a saman teburin da ya dawo hannunta. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa. "Shekara talatin ina fama da shi ya ɗauke safarsa daga kan kujera," in ji ta. "Ashe gwanin tsafta nake aure, ga ma takardarsa."